Fuskar Mai Almakashi

Ruwan sama ne ya koro wani saurayi ciki, ba son zane ba. Kazane ta gane haka tun daga yadda ya tsaya a bakin ƙofa yana kakkaɓe kafaɗa, yana leƙen sama kamar mai jiran a ba shi haƙuri. Ɗan garin nan na Kanazawa mai yawan ruwan sama da zai fito da kaka ba lema a hannu, ai sai a tausaya wa uwar da ta raine shi.

A makon ne ta buɗe baje kolin zane-zanenta a tsohon siton siliki da ke bakin kogi. Ta daɗe tana bin tsofaffin matan garin gida-gida da tambaya ɗaya: ina guntun hannun rigar da aka yanke miki bayan aure? Don a zamaninsu budurwa ce kawai ke sa kimono, rigar gargajiya, mai dogon hannu, wanda ke reto har kusan idon sawu. Tana shiga ɗakin miji sai a sa almakashi a rage shi.

Wasu sun yi mata dariya, wasu sun yi kuka, wasu kuma suka tashi suka buɗe adaka. Ita kuwa sai ta zana kowace a shekarunta na yanzu, da furfurarta da duk layin da duniya ta ja mata a fuska, amma ta mayar mata da dogon hannunta. Ga mai sayar da kifi, ga ungozoma, ga direbar tasi. Can ƙarshen zauren akwai zane ɗaya da ya fi duka girma: mace a zaune da almakashi a cinya, inda fuska za ta kasance kuma fari fat, babu ido babu baki.

Saurayin ya tsaya gaban mai kifi, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa fenti.

"Malam, ba a shinshinawa," in ji Kazane.

Ya juyo a kunyace. Sai ta ga idanunsa, ta kuma ga faratansa shuɗi shar, ta rasa wanne za ta kalla.

"Yi haƙuri. Wannan ganyen na jikin rigarta, wanda tsutsa ta ci a gefe, rinin gidanmu ne. Kakana ne ya zana shi."

"To in kankare in ba ka ka mayar gida?"

Ya yi dariya. "Ke ce mai zanen ke nan. Sunana Iori, marini ne ni. Me ya sa kika mayar musu da hannayen?"

"Kai nawa aka yanke maka?"

"Ni ai ban yi aure ba."

"Ko ka yi, ba wanda zai taɓa naka. Namiji yadda ya shiga aure haka rigarsa take. Mace ce kaɗai ake yi wa alama, a gane daga nesa ta zama ta wani."

Ya jinjina maganar, sannan ya ce, "Gaskiyarki. Na kuma gode da kika tambaya ko ina da aure."

"Ban tambaya ba."

"Amma dai kin ji amsa."

Kazane, wadda 'yan jarida ke shakkar bakinta, ta kawar da kai tana ɓoye murmushi. Ya zagaya zauren a hankali, tana binsa da ido tana yi kamar tana gyara kujeru. Da ya isa gaban mai almakashi sai murmushinsa ya ɗauke, ya daɗe a tsaye. Ba ta kawo komai a ranta ba, ta ara masa lemarta ya tafi.

Washegari ya dawo, ya ce ya zo mayar da lema, sai dai ya manto ta a gida. Rana ta gaba ma haka. A zuwa na gaba ta ce su yi musayar lamba ta riƙa tuna masa, kuma ba a kai yamma ba saƙo ya shigo wayarta.

"Kazane-san, lemarki tana gaishe ki. Ta ce ta saba da gidanmu, sai dai ke ki zo ki same ta."

Ta karanta sau ba adadi kafin ta amsa.

"Ka gaya mata ta yi hankali da mai shuɗin farce. Daga gani mai riƙe abin mutane ne."

"Abu ɗaya nake son riƙewa, kuma ba lema ba ce."

Daga nan aka daina Kazane-san, kiran girmamawa na baƙi. Shi ya koma kiranta Rigimammiyata, ita kuma Shuɗina. Zane-zanen suka tafi yawon wasu garuruwa, ita ta zauna, ta ce aiki ne ya riƙe ta, kuma babanta Genzo, wanda ke yanka kifi a kasuwa tun kafin a haife ta, ya ce lallai wannan aikin yana da ƙafafu biyu.

Lokacin sanyi takan je bakin kogi ta tsaya da shayi a gora, tana kallon Iori cikin ruwa har gwiwa yana ɗauraye siliki. In ya fito yana rawar ɗari sai ta kama hannayensa ta cusa a aljihun kwat ɗinta.

"Za ki ɓata aljihunki da shuni."

"Ka riga ka ɓata abin da ya fi aljihu."

Kazane ta taso ba uwa tun tana ƙarama, ta saba yi wa kanta komai, har ta ɗauka haka za ta ƙare. Yanzu ga wani yana tambayarta ko ta ci abinci, in ta yi masifa ya saurara har ta gama. Ta kan zauna ita kaɗai a ɗakin zanenta ta ji godiya ta cika mata ƙirji, ta rasa wanda za ta yi wa, sai ta kalli hoton mahaifiyarta ta ce ta gode.

Da kaka ta zagayo, zane-zanen suka dawo siton siliki don a rufe baje kolin a gida. A makon ne Iori ya roƙe ta aure, a kan gada, yana ta in'ina. Ta ce ta yarda tun bai kai ƙarshen maganar ba. Amma maimakon ya yi murna sai ya riƙe hannunta ya sunkuyar da kai.

"Akwai abin da na ɓoye miki. Na ce miki Mama maɗinkiya ce."

"Ka ce."

"Ita ce ke rage wa amare hannun riga. Yanzu an bar abin a yawancin gidaje, amma duk tsohon gidan da bai bari ba, ita ake kai wa. A gidanmu kuma amarya kan kawo tata washegarin biki, uwar miji ta yanke da kanta."

Kazane ta zare hannunta a hankali. Kimono mai dogon hannu ɗaya take da shi a duniya, kore mai furen ceri, na mahaifiyarta. Mahaifiyar ta ƙi a yanke nata, ta ce na 'yarta ne, ta rasu ba ta ga 'yar a ciki ba.

"Shekara guda, Iori, kana kallon wancan zanen ka yi mini shiru?"

"Tsoro na ji kada ki gudu."

"Ba wanda zai taɓa rigar mahaifiyata."

"Na sani, Rigimammiyata. Ko kin miƙa ni zan riƙe."

Ranar da ya kai ta gida, mahaifiyarsa Hisano ta tarbe ta da ladabin nan namu da ke daskarar da mutum. 'Yar siririyar mace ce, bayanta a miƙe kamar sanda. Ta zuba shayi, ta turo alewar wake, ta tambayi lafiyar Genzo. Sai da Kazane ta kai kofi baki sannan ta yi magana.

"Na je na ga zane-zanenki."

"Na gode da kika ɓata lokacinki, Hisano-san."

"Kina da hannu. Iori ya gaya miki al'adar gidan nan?"

"Ya gaya mini. Ina neman afuwa, amma ba zan iya kawo tawa ba."

"Mama, ni ma ba na so a..." in ji Iori.

"Ba da kai nake ba." Ta kalli Kazane. "To sai ki nemi gidan da ya dace da zanenki. Sha shayinki, zai huce."

A hanya Iori ya ce su je ofis kawai a rubuta auren, doka ba ta neman izinin kowa. Kazane ta girgiza kai. Marinar da ɗakin ɗinkin rufinsu ɗaya, shi ya rina uwar ta ɗinka, haka suke tun rasuwar babansa. Ita da ta san zafin rashin uwa ba za ta raba wani da tasa ba. Tana son Iori da albarkar Hisano, tana kuma son rigarta yadda take, ta duba ta duba ba ta ga hanyar da za ta samu duka biyun ba.

Ana cikin haka wata rana ta kai masa abincin rana marina. Tana zuge ƙofa ta ga abin da ya sa ta daskare. Fumika ce a tsaye, 'yar masu shagon alewa, ɗalibar Hisano a ɗinki, wadda kowa a unguwar ya san da ita uwar ke yi wa ɗanta sha'awa. Tana sanye da baƙin kimono irin na matan aure, ga tambarin gidan su Iori a kafaɗunta. Hisano na gyara mata wuya, shi kuma Iori yana durƙushe a gabanta yana riƙe da bakin rigar.

Fumika ta yi murmushi. "Sannu da zuwa, mai zane. Ya karɓe ni kuwa? Ni dai ba na tsoron almakashi."

Kazane ta ajiye abincin a bakin ƙofa, ta rusuna, ta juya. Ta ji yana kiran sunanta, ba ta waiga ba.

Saƙonni suka yi ta shigowa.

"Ba abin da kike zato ba ne. Ɗauki waya, don girman soyayyarmu."

"Rigar matar ɗan baffana ce. Ki bar ni in yi miki bayani."

"Na ci abincin. Gishiri ya yi yawa, amma na cinye tas don ke kika dafa. Rigimammiyata, yi mini masifa mana, shirun nan ya fi ƙarfina."

Ta karanta duka, ta kife wayar. Ba wai ta ƙaryata shi ba ne. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne yadda su ukun suka dace da juna a ɗakin nan, kamar ita ce ta shigo gidan da ba nata ba. Ta yi kwanaki tana zama a zauren baje koli da ido a kumbure, tana ce wa baƙi mura take yi.

Wata safiya sai ga Fumika ta shigo. Ta tsaya nesa kaɗan tana murza igiyar jakarta.

"Ba faɗa na zo ba. Rigar ta matar ɗan baffansa ce, ni aka sa wa don ya duba ko furen ya haɗu a wurin ɗinki. Na bar ki ki zaci abin da kika zata, don na so ya zama gaskiya."

"Me ya sa kike gaya mini?"

"Ya faɗa mini a fili, a gaban Malama Hisano, cewa in ba ke ba sai ya tsufa a cikin kogi. Tun muna firamare nake jiransa, amma ba zan zauna da mutumin da ke leƙen waya in ina magana ba." Ta share ido da sauri. "Kuma ke ma da laifinki. Kin san Malama ta zo nan fiye da sau ɗaya? Takan sa takunkumin fuska ta ja hula, ta wuce sauran duka, ta tsaya gaban wancan marar fuskar. In ta koma gida ba ta iya zura zare a allura."

Kazane ta juya ta kalli zanen, kamar yau ta fara ganinsa. Ta rusuna wa Fumika sosai, irin rusunawar da ba ta cika yi wa kowa ba.

"Na gode. Ba dole ba ne ki zo, kika zo."

"Kada ki gode mini, har yanzu haushinki nake ji," in ji Fumika, ta fita.

Kazane ta ɗauki waya ta rubuta.

"Shuɗina, ka yafe mini. Gishirin ma ka yafe. Yau da rana ka tafi kogi ka daɗe, ina son ganin Mama ni kaɗai."

Amsa ta zo nan take. "Na yafe har wanda ba ki yi ba. Zan tsaya a ruwa sai kin ce in fito."

Ta sami Hisano a ɗakin ɗinki, zaune a tabarma, siliki shimfiɗe a gabanta. Ba ta ɗago ba.

"In kin zo ki ce in yi haƙuri da zamani ne, na ji a talabijin."

"Na zo tambaya ne. Mene ne ya fi ɓata miki rai a zanen?"

Allurar ta tsaya. Hisano ta kalli yatsunta ta ce:

"Kin je wurin mai kifi. Kin je wurin ungozoma. Kin zauna kin sha shayinsu, kin ji labarinsu, har tabon da ke haɓar direbar tasi ba ki manta ba. Daga siton nan zuwa gidan nan tafiyar ƙafa ce. Duk garin nan an san wace ce mai almakashi. Kowa kin ba shi fuska, ni kika hana."

"Ban san ki ba a lokacin..."

"Ai shi na ce. Ba ki nema ba." Muryarta ba ta tashi ba. "Kin zaci da almakashi aka haife ni? Ni ma na shigo gidan nan da dogon hannu. Na iya zanen fure fiye da mijina, shi ma ya sani. Aka ce teburin rini ba na mata ba ne. Surukata ta yanke mini hannun riga a ɗakin nan, ta miƙo mini almakashin tun da ɗumin hannunta a jiki. Na riƙe, don shi aka ba ni. Na yi aikin da kyau, ban taɓa ɓata wa amarya riga ba. Sai ga 'yar yau ta zo ta rataye ni a bango kamar dodo."

Kunya ta rufe Kazane. Ita da ke yawo tana cewa an shafe mata daga labari, ga shi da buroshinta ta shafe wata. Ta dafa tabarma da hannu biyu ta kai goshinta ƙasa.

"Na yi miki laifi, Hisano-san, babba kuwa. Ki gafarce ni." Ta ɗago. "Amma ba zan yi miki ƙarya ba. Ba zan sauke zanen ba, don abin da ya faɗa ya faru. Ba kuma zan kawo rigar mahaifiyata ba. Abin da nake roƙo shi ne ki zauna mini in zana fuskar. Ko kin hana ni Iori, wannan haƙƙinki ne."

Hisano ta kalle ta sama da ƙasa. "Ban taɓa ganin mai ba da haƙuri da taurin kai a numfashi ɗaya ba sai ke. Tashi ki tafi, ina da ɗinki."

Kwanaki suka wuce shiru. Iori ya ce uwar ta rufe ɗakin ɗinki, ko Fumika ba ta bari ta shiga, abinci ma a bakin ƙofa yake ajiye mata. Kazane ta ɗauka ta ƙara ɓata lamarin, ta fara koya wa zuciyarta haƙuri, zuciyar kuma ta ƙi koyo.

Ranar rufe baje koli zauren ya cika. Matan da aka zana sun zo da jikokinsu, Genzo ya sa kwat ɗin da ta matse shi, Iori na tsaye kusa da Kazane yana ƙoƙarin sa ta dariya. Can sai hayaniya ta ɗauke daga bakin ƙofa, mutane suka dare.

Hisano ce, sanye da kimono ruwan goro, hannayensa na reto har ƙasa. Jikin rigar ya koɗe saboda shekaru, amma guntayen da ta mayar, da yake a adaka suka kwana, launinsu na nan ɗanye kamar jiya aka rina. Wurin haɗin ya fito fili, ba ta ma yi ƙoƙarin ɓoye shi ba. Mace mai furfura da dogon hannu a tsakar rana, a garin da ake gulmar wanda ya ɗaura ɗamara a karkace, ba ƙaramin abu ba ne.

"Hisano, ke ce kuwa?" in ji mai kifi, ta kama baki.

"Ni ce, rufe bakin kada ƙuda ya shiga."

Ta wuce kai tsaye har gaban babban zanen, ta jawo kujera ta zauna, ta gyara hannayen rigar a cinyarta.

"Ina buroshin? Ba ni da yini guda."

Iori ya ruga ya kwaso kayan. Kazane ta fara, a gaban kowa, a kan farin wurin nan da ta bari. Ta ja goshi, ta ja girar da ba ta san wasa ba, ta tsaya a idanun. Da ta kalle su da kyau sai ta ga na Iori ne sak.

"Kada ki rage mini shekaru," in ji Hisano. "Da wahala na tara su."

"Ba zan rage ko ɗaya ba."

Buroshi ya ci gaba da aiki. Sai Hisano ta yi magana ba tare da ta juya kai ba.

"Rigar mahaifiyar taki, wane launi ce?"

"Koriya ce, da furen ceri."

"Ki kawo mini ita kafin biki."

Buroshin ya tsaya cak. Iori ya matso.

"Ku kwantar da hankalinku. Ɗinkin zan duba. Dogon hannu yana da nauyi, in ba a ƙarfafa hammatar ba sai ya yage, kuma rigar da za ta kai ga jikata ba a yi mata aikin wasa. Ba abin da zan yanke."

Kazane ta so ta yi magana, kuka ya riga ta. Ta durƙusa a gaban kujerar da buroshi a hannu.

"Na gode, Mama. Na gode."

"Tashi, kina ɗiga mini fenti a riga. Kai kuma daina tsayawa kamar turke, ba ta hankici." Ta ɗan sassauta murya. "Ki gama mini bakin tukuna, 'yata. Kin bar ni da ido ba abin magana."

Zauren ya kwashe da dariya, rabin masu dariyar suna share hawaye. Genzo ya fyace hanci da ƙarfi, ya ce warin fenti ne ke damunsa.

Aka sa biki da bazara. Fumika ce ta kawo alewar, ta ce wa amarya haushin ya ragu saura kaɗan. Da safen ranar saƙo ya shigo wayar Kazane tana gaban madubi.

"Na goge farcen nan har ya yi zafi, ya ƙi fita. Za ki aure ni haka?"

"In ya fita ma na fasa. Yi sauri, Shuɗina, ina jiranka."

Bayan an gama a wurin bauta, ta sauya zuwa koriyar rigar mahaifiyarta, Hisano ce ta ɗaura mata ɗamara da hannunta. Genzo ya miƙe a wurin walima zai yi dogon jawabi, ya kalli 'yarsa a cikin rigar matarsa, jawabin ya gudu.

"Ku zauna lafiya," ya ce da ƙyar. "Ku ci tare, ku tsufa tare. Iori, ta fi ka baki, kada ka ja da ita. Uwarta na ganinku, na san ta gode."

Washegari da hantsi, lokacin da amaren gidan suka saba miƙa rigarsu, Kazane ta shiga ɗakin ɗinki da shayi, rigar na kan hannunta, Iori na biye da ita. Hisano ta shimfiɗa farar takarda a tabarma. Ita ta kama hannu ɗaya, Kazane ta kama ɗayan, suka ninke su a hankali, dogaye yadda suke, suka kwantar da rigar a adakar gidan.

Hisano ta rufe adakar, ta kamo hannun ɗanta da na amaryarsa ta haɗa a cikin nata.

"Kakannin gidan nan su sa muku albarka. Ku samu zuri'a mai lafiya, kada a rage wa ɗayanku komai don ɗayan ya ji daɗi. Ke kuma ki ci gaba da zanenki, gidanki ne."

Kazane ta sunkuya ta ɗora goshinta a kan hannayen nan uku, ta daɗe ba ta ɗago ba, kuma ba wanda ya ce mata ta tashi.